Muryar Baba a Cikin Sabar

Litinin, 3 ga Maris

Ina buɗe ɗakin sabar, babbar kwamfutar ajiyarmu, da safe ƙara ta tarbe ni, ƙii, ƙii, ba tsayawa. Faifai na uku ya kunna jar fitila. Ya mutu. Saura uku.

Na je wa Manaja, na yi masa bayani dalla-dalla. Faifai huɗu ne ke ɗauke da duk abin da gidan rediyon nan ya mallaka. An haɗa su ta yadda in ɗaya ya faɗi, ukun za su riƙe kayansa har a kawo sabo. In biyu suka faɗi kuwa, ko tarin mai karanta labarai ba za a samu ba. Ya ce, "To ai ɗaya ne ya faɗi," ya ci gaba da latsa wayarsa.

Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne rana ɗaya aka sayo su, ɗaki ɗaya suka zauna, zafi ɗaya suka sha shekara da shekaru. Gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, ni kuma ba ni da ruwan da zan shafa wa nasu.

Laraba, 5 ga Maris

Matata, Maman 'Yan Biyu, ta dawo daga asibiti idanunta a kumbure. Likita ya sa wa Baba, mahaifinta, ranar aiki. Za a cire maƙogwaron gaba ɗaya. Bayan nan ba sauran magana. Ko yanzu ma in ya buɗe baki iska ce kawai ke fita.

Mutumin da ya shekara talatin yana ba yara labari a rediyo duk safiyar Asabar. Shi ya samo mini aikin nan, kuma bai taɓa barina na manta ba. Har ya yi ritaya "makanike" yake ce mini.

Tana ninke kayan yara ta ce, "Ka kwaso mini shirye-shiryensa. Ni a rediyo na fi saninsa, a gida ba ya hira. Ina so yaran nan su san yadda muryar kakansu take."

Na ce to. Ban gaya mata kaset-kaset ɗin shirye-shiryen tuni ruwan rufi ya cinye su a sito ba, sai abin da aka juye a sabar. Ban gaya mata zancen jar fitila ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai kawo kaya ya ce irin faifanmu an daina yin sa tun tuni. Zai nemo "ƙaninsa". Allah Ya sa ba ɗan riƙo zai kawo ba.

Asabar, 8 ga Maris

Ta sake magana. "Ko guda ɗaya ka sa mini a waya, in kunna masa kafin ranar."

Na ce ta yi haƙuri, ba na aikin tsinci-tsinci. In an gyara zan kwaso mata duka, a jere, shekara-shekara, kowanne da sunansa. Kuma sabar tana tafiya da ƙafa uku, ba na son in riƙa taɓa ta ba dalili. Ta ce, "Kai dai da tsari." Ba yabo ba ne, na sani.

Talata, 11 ga Maris

Sabon faifai ya iso. Na zare mataccen, na mai da sabon kan tirensa, na ɗaure sukurori, na tura har ya ce ƙas. Na tsuguna ina jiran koriyar fitila. Shiru. Na zare, na hura, na mayar. Shiru. Katin da ke kula da faifan ya ƙi sanin baƙo.

Na kira injiniyan kamfanin da ya kafa mana sabar. Muryarsa irin ta wanda ya ci ya ƙoshi. Ya ce famwayar katin, wato 'yar manhajar da ke cikinsa, ta tsufa, ba ta san faifan zamani ba, sai an sabunta ta. Na ce sabuntawa ai sai an kashe sabar an kunna. Ya ce, "Haka ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, injin nan bai taɓa hutawa ba tun da aka kafa shi." Duk wanda ya taɓa aikin nan ya sani, tsohon faifai muddin yana juyi zai yi ta juyi, in ka tsayar da shi ba lallai ya tashi ba. Ya ce, "To ka zaɓa." Gaba kura, baya siyaki.

Laraba, 12 ga Maris

Ba abin da na yi yau sai kallon fitilu uku.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ce wa Manaja ba zan kashe ba sai an kwashe kaya an ajiye a gefe. Ya buɗe durowa ya ciro mini faifan hannu guda ɗaya, ƙarami, wanda ko rabin kayan ba zai ɗauka ba. Ya ce tallace-tallace da shirye-shiryen wannan zangon su ne farko. Na ce tsofaffin shirye-shirye fa? Ya ce, "Wa ke sauraron su? Kai ma don surukinka ne."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya yi mini zafi.

Na jera tallan sabulu da na taya da na makarantar koyon tuƙi, na sa jakar shirye-shiryen Baba a bayansu. Kwafin yana tafiya kamar an sa shi dole.

Litinin, 17 ga Maris

An yi wa Baba aiki. An ce ya yi kyau, haka likitoci ke cewa in mutum bai mutu ba. Ba ta samu abin kunna masa ba.

Laraba, 19 ga Maris

An ba ni lokacin shirin kai tsaye na hantsi, a lokacin ne ba a buƙatar sabar. Tallace-tallace sun gama shiga, layi ya zo kan jakar Baba ke nan injiniya ya kira, ya ce in ba yanzu ba sai mako mai zuwa, ga faifai na ɗaya ya fara nuna alamar gajiya. Na tsayar da kwafin. Na ce a raina ai da an tashi zan ci gaba.

Na ɗora famwayar, ta shiga lafiya. Na yi bismillah na kashe. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru haka ba, har ina jin dariyar masu shiri ta bango.

Na kunna. Fankoki suka tashi. Sabon faifai ya kawo koriyar fitila, katin ya san shi. Na biyu ya tashi, na huɗu ya tashi. Na ɗaya ya ce ƙat, ƙat, ƙat. Ya yi shiru. Ya sake ƙat, ƙat.

Injiniya ya ce, "Ayya." Ya ce famwayar dai ta hau, ko? Na kashe wayar.

Alhamis, 20 ga Maris

Na gwada duk abin da na sani, har da wanda nake yi wa wasu dariya in sun yi. Na canza masa gurbi. Na kwantar da shi a gefe. Na ɗan bubbuga shi da yatsa. Ihu bayan hari.

Manaja ya leƙo ya tambaya ko tallace-tallace sun tsira. Na ce sun tsira. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ka yi ƙoƙari."

Asabar, 22 ga Maris

Na gaya mata. A kicin, tana wanke kofuna. Na fara da bayanin faifai huɗu, ta ce in bar wannan. Na ce shirye-shiryen Baba babu su. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini. Ta ɗauraye kofin hannunta ta kife, sannan ta ce, "Guda ɗaya na ce maka."

Lahadi, 23 ga Maris

Mun je asibiti. Wuyansa a naɗe, ga bututu. Ya dube ni ya murɗa yatsunsa a iska kamar mai neman tasha, yana tambayar aiki. Na ce lafiya lau, Baba. Ya ɗaga mini babban yatsa. Na fita baranda na daɗe ina kallon masu ajiye motoci.

Masu tono kaya daga mataccen faifai sun duba faifai na ɗaya da na kai musu. Sun ce allurar da ke karanta shi ta karce fuskarsa, kada in sa rai. Da ma ban sa ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Ina mayar da tallace-tallace kan sabar na ga jakar Baba a ƙarshen jerin da ke cikin faifan hannun. Na ɗauka fanko ce. Abu ɗaya ne a ciki, wanda ya riga ya shiga kafin in tsayar. Ba shiri ba ne. Gwajin makirfo ne da wani ya manta bai goge ba, ko minti ɗaya bai kai ba.

Kujera ta yi ƙara. Ya gyara murya. Muryar nan cikakkiya, ta mutum mai ƙarfinsa. "Ana ji na? Kai, wa ke wajen inji ne? Ana ji na?" Sai ya yi tsaki, ya yi 'yar dariya, ya ƙare.

Na tura mata a waya nan take, ban gyara sunan ba, ban jira komai ba. Har yanzu ba ta amsa ba.

Na sake kunnawa, ban san sau nawa ba. Ƙofa a rufe take, ba wanda ya gani. Wataƙila gajiya ce. Da ya sake tambaya sai na ji bakina ya ce, "Ana ji, Baba."