Muryar Kawuna Ta Daina Tari

Assalamu alaikum 'yan group. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara. Ni 'yar SS2 ce, ina zaune da kakata Inna a Utai, ni ke riƙe mata waya saboda idonta ya yi rauni.

Kawuna, ƙanin mamata, yana aiki a cikin garin Wudil, tafiyar da ɗan acaɓa ke yi sau goma a yini, amma rabonsa da gidan nan tun ƙaramar sallah. Wata uku da suka wuce sai ga voice note ɗinsa duk Juma'a, gaisuwa doguwa, ina gajiya, ya jiki, ya damina, har da addu'a. Inna takan sa in kunna mata sau uku, ta kira maƙwabta su ji.

Ni ba mai surutu ba ce, amma ina da kunne. Kawu ba ya iya jera magana biyu bai yi tari ba, tun muna yara haka yake. Wannan muryar ba tari, ba jan numfashi, ko kukan mashin ba a ji a bayanta.

Ranar sunan ɗiyarsa a gidansa na Wudil, ina kai ruwa zaure na ji shi yana yi wa abokansa burga, wai ya koya wa AI muryarsa, AI ɗin ke tsara gaisuwar, shi turawa kawai yake yi, ko saurara ba ya yi. Manyan mutane da gemu suka bushe da dariya, ɗaya yana cewa ai wannan shi ne ci gaba, a saka masa shi ma. Wai masu ilimi! Na kalli hulunansu sai na ji tausayin kuɗin makarantar da aka kashe musu.

Amsoshin da Inna ke sa ni in tura masa, tana faɗin ciwon gwiwarta, tana sa masa albarka, ko ɗaya bai buɗe ba, na duba.

Da safen nan ta ce in daina dakan citta da kanumfarin da take aika masa, wai ta lura tarin ya tafi, Allah ya karɓi addu'arta. Har sadakar ƙosai ta yi.

Idan na faɗa mata na raba ta da abin da take jira duk mako, kuma za a ce yarinya ta tona asirin babba. Idan na yi shiru, ni ce mai danna mata ƙaryar da yatsana. Jibi Juma'a. In kunna mata, ko in gaya mata ɗanta yana nan yana tarinsa?