Bukkar Fako Mai Cin Mutum Biyu

Bakin Fadama, farkon Satumba

Zuwa ga Kaka Eino,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Ina gaida Gwaggo Marlys da ɗawainiya. Ta ce mini tun da ɓarin jikinka na dama ya shanye ka daina karɓar waya, wai ba ka son a ji yadda bakinka ke jan magana. To ga takarda. Ka san ni da biro ba ma shiri, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Gida lafiya. Na gama faskaren itacen hunturu. Tuffa ta yi 'ya'ya sosai bana, bareyi har bayan gidanmu suke shigowa. Tsohuwar barewar nan mai yagaggen kunne tana nan da ranta, da 'ya'ya biyu a bayanta. Na kuma ga inda wani namiji ya goge ƙahonsa a jikin itace a bakin fadama, gugar ta wuce ƙuguna. Ba ƙarami ba ne.

Tsoho, ga abin da ya sa na rubuto. Na je na tsaya a gindin bishiyarka, na kalli tsanin nan da katakon da kake zama a kai tun kafin a haife ni. Na san bana babu hawa. Amma ai ba daga sama kaɗai ake fako ba. Ranar Asabar na shiga shagon Toivo mai kayan farauta, na ga bukkokin yadi irin waɗanda ake kafawa a ƙasa, har da masu cin mutum biyu. Ina so ranar buɗe farauta a tsakiyar Nuwamba ta same mu a ciki, ni da kai.

Ban saya ba tukuna, ina jiran ta bakinka. Ka huta lafiya.

Jikanka,
Lyle

Marquette, Satumba

Lyle,

Na ga takardarka, ina amsa gaisuwa. Da hagu nake rubutu amma har yanzu nawa ya fi naka karantuwa.

Ba na zuwa. A gidanmu kowa shi kaɗai yake fako. Haka ubana ya yi, haka na koya maka. Mutum biyu in suka zauna wuri ɗaya hira za su yi, barewa kuwa ba kurma ba ce. Kuma ba wanda zai tura ni cikin dajina a keken guragu kamar buhun dankali, su Toivo suna kallo. Bindigata tana bayan ƙofar ɗaki, ka ɗauka, ta zama taka. Ka hau bishiyar.

Namijin nan, ta wane gefen itacen ya yi gugar?

Kakanka

Bakin Fadama, ƙarshen Satumba

Zuwa ga Kaka Eino,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Gugar ta gefen fadama take, wato daga can yake fitowa. Bindigarka na goge ta, na sa mata mai, na mayar inda take. Tawa ta ishe ni.

Na ji ka ce ba ka zuwa. Duk da haka na sayi bukkar, ka san ƙafafuna dogaye ne, ina son wuri. Na sha wahalar zaɓe. Ta farko an rubuta a kwalinta wai ta mutum biyu ce, sai muka shiga ni da Toivo don gwaji. Gwiwarsa a cikina, hularsa a hancina, da na ɗaga bindiga bakinta ya toka bango. Ya ce mai yiwuwa mutum biyun da suke nufi sababbin ma'aurata ne. Ta biyu tana da fili, amma zif ɗin tagoginta yana ƙara kamar ana yaga tabarma, kuma ƙofarta tana da dokin ƙofa na yadi da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka. Ta uku ce na ɗauka. Bango ɗaya gaba ɗaya yake buɗewa kamar ƙofar rumbu, ƙasa a miƙe ba abin tsallakewa. Tagoginta zamewa suke yi shiru, kuma sun sauko daidai ƙirjin mutum in yana zaune.

Na kafa ta tun yanzu don bareyi su saba da ganinta, na lulluɓe ta da rassan bishiyar sida. A gindin bishiyarka na sa ta, tunda nan ne wurin da ka fi yarda da shi. Na ajiye kujeru biyu masu naɗewa. Ta hagu taka ce, da sanda mai baki biyu a gabanta don ɗora bindiga. Ni ina damarka, wajen hannun da ya ƙi. In ba ka zo ba sai in ɗora fulas ɗin kofi a kai.

Mai yagaggen kunne ba ta yarda da ita ba tukuna. Jiya da safe ta tsaya nesa tana buga ƙafa tana hura hanci, sai ka ce kai ne aka kawo maka miya ba gishiri.

A gaida Gwaggo.

Jikanka,
Lyle

Marquette, Oktoba

Zuwa ga ɗana Lyle,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na ga ya kamata in rubuto maka da kaina, domin in na kira waya Baba yana kasa kunne.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko na ji haushinka. Na ce yaron nan zai sa wa tsoho rai a kan abin da ba zai yiwu ba, ga sanyin Nuwamba. Tun da muka dawo daga asibiti Baba bai yarda an fita da shi a keken nan ko bakin titi ba. Abinci sai da lallashi.

Sai ga matar Toivo ta kira ni. Ka san muryarta, ko ba a kara wayar a kunne ba ana ji, Baba kuma yana gefe. Ta ba da labarin yadda ka aro keken guragu daga coci, ka shiga da shi shago, ka zauna a kai kana tura kanka cikin kowace bukka kana juyawa, mutane suna dariya kai ko a jikinka.  Baba ya juya fuskarsa bango, ya daɗe a haka.

Shekaranjiya na ciro jar rigarsa ta ulu daga cikin kayan da na kwaso, na ce bari in wanke in aiko maka, don warinta ya cika mini kabad. Ina riƙe da sabulu na ji ya ce, "Ajiye rigar nan, Marlys." Tar maganar ta fito, irin wadda ban ji ba tun kafin ciwon. Ya yi ta faɗa wai turaren sabulu tun daga titi bareyi za su jiyo shi. Yau kuma na leƙa na same shi da sandar mofa ta goge ɗaki a kafaɗar hagu yana auna agogon bango.

Na tambayi likita. Ya ce in an rufe shi da kyau, kuma ba yini za a yi ba, ba laifi. Amma kada ka matsa masa. Ga rigar nan na ba mai motar madara ya kawo maka, ba a wanke ba.

Allah ya yi maka albarka.

Gwaggonka,
Marlys

Marquette, Oktoba

Lyle,

Ina gaisuwa. Kai dai ba ka da kai. Gindin bishiyata? A sama nake zama, warina yana bi ta kansu ya wuce. A ƙasa kuwa, in iskar tafki ta juyo a Nuwamba, warinka za ta kwasa ta kai wa namijin nan har makwancinsa. Tsohuwar ta fi ka hankali, shi ya sa take hura maka hanci. Ka cire ta, ka mayar bayan tarin duwatsu, kudu da hanyarsu, tagar tana kallon fadama. Rigata ka rataye ta cikin rassan sida, ba cikin gida ba.

Wannan ba ya nufin ina zuwa.

Kakanka

Bakin Fadama, farkon Nuwamba

Zuwa ga Kaka Eino,

Gaisuwa mai yawa. Na karɓi faɗa, na gode. Na mayar da bukkar inda ka ce. Abin mamaki, da na je bayan tarin duwatsun sai na tarar wurin a share yake, an ma cire kututture. Ban san wanda ya yi wannan aikin ba, sai dai hannuwana duk kanta ne.

Tunda ka ji labarin shago, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. Na baje hanya daga inda mota ke tsayawa har ƙofar bukkar, na zuba tsakuwa a ramuka, na shimfiɗa katako a inda ke da laka. Ta bayan duwatsu ta bi, ba mai ganinka daga titi, ko Toivo.

Ƙanƙara ta fara sauka kaɗan. Shekaranjiya mai yagaggen kunne ta zo da 'ya'yanta ta ci tuffa dab da tagar, ko kallon bukkar ba ta yi ba. Na ga sawun namijin a kan nata, ya kusa cika tafin hannuna.

Maganar hira kuma, Tsoho, tun ina ƙarami muke zama ni da kai a teburi ɗaya, yaushe muka taɓa yin ta? Kujerun suna nan duk biyu. Rigarka tana cikin sida. Ba zan ƙara tambaya ba.

Ka huta lafiya.

Jikanka,
Lyle

Marquette, Nuwamba

Lyle,

Ina gaisuwa. Ka zo ɗaukata ana jibi buɗewa, ina so in gwada bindigar da hagu tukuna. Kofi kada ka sa sukari.

Ka fitar da kujera ɗaya. Ni da tawa zan zo.

Sai na gan ka.

Kakanka,
Eino