Abin da Na Faɗa wa Nasiru

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya zaman Fatakwal? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin autanmu Nasiru?

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Lokacin da sojoji suka sallamo shi daga bakin daga, a rame amma babu rauni a jikinsa, ban yarda ciwo ne ba. A gaban Inna na ce masa, "Gudowa ka yi, tsoro ne ciwonka." Sau ɗaya na leƙa shi a asibiti, har ciwon hanta ya yi ajalinsa.

Ranar Asabar wani abokin aikinsa, Saje Bitrus, ya zo mana ta'aziyya nan Ƙofar Wambai, yana dogara sanda. Ya ce Nasiru ya daɗe yana ɓoye ciwon don kada a raba shi da abokan aikinsa. Ranar da aka yi musu kwanton ɓauna amai yake yi, amma shi ya goya Bitrus da harbi a cinya har bakin mota. Sai Bitrus ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ne Yaya Bala? Kullum cewa yake a wurinka ya koyi jarumta."

Inna ta dube ni kawai. Har yau na kasa haɗa ido da ita.

Ki sa shi a addu'a. Ni ma ki roƙa mini gafarar Allah, tunda wanda zan roƙa ya tafi. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Bala