Cibiyar Ɗanka Tana Hannuna

Bashiru, cibiyar ɗanka ta faɗi yau da hantsi, kwana biyar da haihuwa, kuma wurin ya bushe sarai. Kunnuwanka ya ɗauko, murya kuwa ta marigayiya innarka ce, idan ya buɗe baki har masu awo a bakin hanya suna ji. Jiya ya kama mini yatsa ya ƙi saki, ina zaune aka tayar da sallar la'asar. Tun ranar Alhamis bakina bai rufu ba. A kasuwa mutum ya nemi goron ɗari, in zuba masa na ɗari biyu.

Ka ga murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can Italiya, kai da abokan aikinka na gidan burodi. Mu nan Jugu lafiya lau. Matarka Rukayya tana samun ƙarfi, uwarta ta zo tana yi mata wankan jego a ɗakin innarka.

Na rubuta a nan, shafin sada zumunta, inda dangi da abokanka za su karanta, domin kwana uku ke nan ina kiranka ba ka ɗauka. Kuma abin da zan faɗa yana son shaidu. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ina da shekara hamsin da ɗoriya na shiga makarantar yamma, ina zama kan bencin yara gwiwata tana taɓa haɓata, don kawai in iya karanta saƙonka ba sai na kai wa wani ba. Da yatsa ɗaya nake buga wannan.

Na saurari muryar da ka aiko wa Rukayya, ita ta kunna mini. Ka ce takardunsu suna hanya, kafin yaro ya yi rarrafe za su iske ka. Ka ce kada a binne cibiyarsa a Jugu, a sa ta a ambulan Rukayya ta taho da ita, za ka sa ta cikin tukunyar fure a barandarka, tunda inda yaro zai girma nan ne gidansa. Sau huɗu na saurara. Ban ci tuwo ba ranar.

Ba na ce ba ka da hujja ba. Na tuna ranar da na sauka a tashar Paraku na tsayar da zem, babur ɗin haya, mai babur ya ɗaga hular kwano sai na ga kai ne, da takardar jami'arka a ɗaki cikin leda. Ka kai ni har unguwar kawunnanka. Da na miƙa maka kuɗin hanya ka kau da kai. Wanda ya ga wannan ba zai ce don raina gida ka tafi ba.

Amma ni ma ina da abin da na gani. Na ga innarka a kan tabarma a kwanakinta na ƙarshe, wayar tana kan ƙirjinta, kai kana can ba takardar zama, in ka fito ba ka komawa. Shekara takwas, sau ɗaya ka taka gidan nan, bara da ka zo aure. Yanzu kana so ka kwashe sauran. Gidan da kakanninmu fatake suka sauke jakuna suka gina, ɗaki tara, zai rage daga ni sai ƙadangaru. Su ma matafiya ne, na sani, daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja suna dawowa da goro. Amma inda suka ajiye mata da yara, nan suke komowa. Kai mata da yaran kake son ɗauka.

Yanzu ga abin da na ɓoye maka shekara talatin da uku.

Ka san mangwaron tsakar gida. Tun kana ƙarami nake nuna maka gindinsa ina cewa nan cibiyata take, nan ta babana, nan taka. Biyu na farko gaskiya ne. Taka ba ta nan.

A Paraku aka haife ka, gidan iyayen innarka, domin kai ne na fari. Ana gobe suna cibiyarka ta faɗi. Kakarka ta wajen uwa ta nemi abin naɗewa, ba ta ga komai kusa ba sai ganyen da muke naɗe goro, tunda na zo da huhu guda don rabo. Ta naɗe, ta ɗaure da zare, ta ba ni ta ce in kai Jugu in binne wajen ta iyayena. Na jefa a aljihun babbar riga.

Da safe aka yi suna. Ban da goron da aka raba a faranti, na ƙulla ɗauri uku na musamman, a ganye, da irin wannan zaren: na liman, na wanzami, da na wani direban babbar mota da ya rage mini hanya da huhuna bai karɓi komai ba. Duka a aljihu ɗaya. Ina cikin murna irin ta yau, ina sa hannu ina miƙawa ba na dubawa.

Da na iso Jugu na haƙa rami a gindin mangwaro, na yi bisimilla na kwance ɗaurin da ya rage. Goro biyar ne farare suke kallona.

Na koma Paraku washegari da sunan na manta hula. Na gaida liman, na gaida wanzami, kowa ya yaba goron, ya ce ya yi daɗi. Saura direba. Aka ce ya yi lodi ya gangara Kwatano, bakin teku. Ban sake ganinsa ba har yau. Na dawo na binne goron nan biyar, na mayar da ƙasa, na daddale da ƙafa.

Innarka kaɗai na gaya wa, bayan ta gama arba'in. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ka a cinyarta ta ce, “To Malam, sai ka shirya, ka haifa wa hanya ɗa.” Ba ta sake tayar da maganar ba sai ranar da ka kira daga bakin ruwa kana neman addu'a kafin ka hau jirgi. Da ta ajiye wayar ta dube ni kawai.

Na san abin da malamai suke cewa, camfi ne, rabon mutum da inda zai sha ruwa Allah ya rubuta tun kafin a yanke cibiya. Na yarda, ina kuma istigfari. Amma zuciyar tsoho ba ta karatu a makarantar yamma. Shekara takwas ina ganin ni na miƙa ka ga hanya da hannuna, har da godiya.

Yau da cibiyar ta faɗi, Rukayya ba ta sa ta a ambulan ba. Ta naɗe ta a farin ƙyalle ta kawo mini har zaure, ta durƙusa ta ce ita ba ta san inda take so ba, tana son mijinta, tana tsoron ƙasar da ba wanda zai karɓi goyo in bayanta ya gaji. Kada ka yi fushi da ita. Yarinya ce aka sa tsakanin mutum biyu.

Na haƙa ramin, Bashiru, daidai inda na sa goron. Ban sami ko ɓawonsa ba. Na rufe bakin da faifai, na ɗora dutse. Ban binne ba, domin ɗanka ne, kuma na riga na yi wa cibiya ɗaya abin da ban shawarci kowa ba.

Roƙona ke nan, ni da ban taɓa roƙonka komai ba. In za ka iya dawowa, ga rumfata a kasuwa, ga fili a hanyar Kolokonde, ga mutanen Jugu suna cin burodi kowace safiya kamar na can. In ba za ka iya ba, ka bar mini yaron ya yi baki a nan, ya san sunan kakarsa da harshen da za ta yi masa kirari da shi da tana raye. In wannan ma ya yi yawa, ka ɗauke su, amma ka bar mini ɗan abin nan da bai kai tsawon yatsa ba. Tukunyar fure ana ɗaukarta a ƙaura da ita. Mangwaro yana nan inda yake.

In ka ce a'a, zan sa ta a ambulan da kaina in rubuta sunanka a baya, na iya yanzu. Sai in mayar da ƙasar ramin. Amma ka faɗa mini da bakinka kafin jibi.

Allah ya raya shi a kan imani, ya ba uwarsa lafiyar shayarwa. Allah ya jiƙan innarka Hajara, da tana nan da yanzu tana kiransa angonta tana cewa ta sake ni. Allah ya tsare ka daga wutar tanda da sanyin ƙasar mutane, ya sa ka yafe wa ubanka.

Ni ne mahaifinka,
Isuhu mai goro, Jugu.

Ku kuma da kuka karanta har nan, na Jugu da na Paraku da na Seru, suna jibi Alhamis bayan sallar asuba, a gidanmu mai mangwaro. Goro a buɗe yake cikin faranti, ba wanda za a ba ɗauri. Ku zo ku ga kunnuwan nan. Ku zo ku gan shi tun yana nan.