Alawayyon Baba

Lai'atu,

Na tahi Bangi in kira wanmu Yosefu, ban so in tashe ki ba. Jiya lokotoro ya ce mu mai da Baba gida, allura ba ta ƙara mishi komi. Sai na sayo alawayyo don likkafani. Wautata, na shigo da shi a hannu, Baba ya gani. Ya ce, "Zakariya, rigar sallar Nowel za ka ɗinka mini?" Na ce i. Don murna har kunu ya sha, rabonshi da abinci kwana huɗu.

In ya farka zai ce ki auna shi. Ki auna, ƙanwata, kada ki yi kuka gabanshi. Ki tambaye shi irin wuyan da yake so.

Zakariya