Kujerun da ke ƙarƙashin tsamiya da sunaye huɗu da aka soke

Zuwa ga Mai Girma Sufeton Makarantu, Doso.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan ofishinka, ina kuma yi maka sannu da zafin bazara.

Ni ce malamar ajin ƙarshe a wata lakwal, wato makarantar boko, ta nan ƙasar Dogon Dutsi, ajin da zai zauna jarrabawar satifika bana. A garin nan aka haife ni, na yi karatun jami'a a Dakar, gwamnati ta maido ni gida in koyar. Sau biyu na rubuta maka da Faransanci ta hannun Mushe Darakta, Baturen da ke shugabantar lakwal ɗinmu, kamar yadda doka ta ce, kuma ina zaton takardun biyu suna nan suna hutawa a aljihun teburinsa. Shi ya sa wannan karon na rubuta a buɗe, da Hausa, don iyayen yaran su ji abin da nake faɗa a kan 'ya'yansu. Na ji an ce tafintanka mutumin Matankari ne. In haka ne, wasu wurare a wasiƙar nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ƙarata ita ce, an soke sunayen 'yan mata huɗu na ajina daga jerin masu zama jarrabawa. Ba su faɗi lissafi ba, ba su faɗi dikte, wato shifta, ba. Laifinsu shi ne ba su zauna a kan kujera sun kalli ƙwallon gora ba. Ga yadda abin ya faru.

1. Bara bayan girbi Mushe Darakta ya dawo daga hutu a ƙasarsu da damin sanduna masu lanƙwasar kai, ya ce zai koya wa samarin lakwal wasan ƙwallon gora. Ba wanda ya gaya masa cewa yaran nan tun suna kiwon awaki suke bugun ƙwallon goriba da karkatacciyar sanda a bayan gari. Ya yi mamakin saurin koyonsu, muka taya shi mamaki. A gaskiya mutum ne mai ƙwazo. Shi ya share fili da hannunsa tare da yara, ya shirya wasa da 'yan Matankari da 'yan Tibiri kowace Alhamis da la'asar, ranar da ba a karatu. Ya kuma ce wasa ba ya daɗi sai da 'yan kallo, don haka kowane ɗan lakwal ya zo ya ba ƙungiyarmu ƙarfi da tafi da kirari. Har gobe ina tare da shi a kan wannan.

2. Don tausayin yara, ya sa aka jera kujerun katako a wurin da ya fi ko'ina inuwa, wato ƙarƙashin babbar tsamiyar da ke yammacin fili. Ranka ya daɗe, duk wanda ya sha ruwan garin nan ya san tsamiyar nan tana da mai ita. Mutane suna cewa gidan Doguwa ce, iskar da ba ta son hayaniya, ba ta kuma son a zauna mata a ƙofa da la'asar, balle 'yan mata. Mata masu zuwa rijiya suna kauce mata. Kakata 'yar bori ce, takan kai mata farin goro. Limamin unguwarmu yana cewa duk wannan shirka ce, yana kuma bin doguwar hanya in zai je kasuwa. Ni kaina na karanta abin da masana suka rubuta a kan irin waɗannan al'adu, na ci jarrabawa a kansu, amma ban taɓa zama a ƙarƙashinta ba, kuma ba ni da niyya.

Nan ne laifinmu yake, mu malamai 'yan ƙasa. Mu biyar ne, muna tsaye ana jera kujerun, ba wanda ya ce uffan. Kowa yana jin kunya kada Bature ya ga mai taye a wuya da takalmi yana maganar iska. Mushen da ke koyar da ajin tsakiya ma cewa ya yi, “Lallai wurin nan akwai iska mai daɗi,” ya koma can gefe cikin rana ya tsaya.

3. Alhamis ta farko 'yan Matankari suka zo. Kujeru wayam. Amma filin ba wayam yake ba. Yaranmu duka sun zo, suna tsaye a gabas, jikin katangar rumbun lakwal, rana tana dukansu, wasu sun hau kan duwatsu. Da idona na ƙirga 'yan ajina, ba wanda ya ɓace. Sai dai Mushe Darakta a gaban kujeru yake tsayawa ya yi kiran suna, wanda bai amsa daga kan kujera ba, sai ya sa masa alamar bai zo ba. Haka littafinsa ya nuna mutum uku ne suka halarta: ɗan likita, wanda iyayensa baƙi ne daga bakin teku, da ƙannensa biyu. Na tabbata wannan adadin ne ya iso ofishinka.

Alhamis ta biyu ya roƙi Kumandan, Baturen mulkin garin nan, ya ba shi gardi ɗaya, wato dogarin gwamnati, ya kora yara inuwa. Gardin ya zo da jar hularsa da bulalarsa, ya tsaya daidai inda inuwar ta ƙare, yana nuna kujeru da bakin bulala yana cewa, “Ku shiga mana, 'yan banza! Me za ta yi muku?” Wata yarinya ta ce masa, “Baba gardi, shiga gaba mu bi ka.” Ya ce shi yana bakin aiki, ba a zama a bakin aiki. Wasu samari sun shiga don tsoron duka, suka ɗosana a bakin kujera, ba tafi, ba kirari, kamar masu zaman makoki. An cinye mu ranar, cikin natsuwa.

Bayan haka ne aka liƙa sanarwa a ƙofar ofis: wanda ya yi fashin kallon wasa sau uku, ba ya da ɗa'a, kuma maras ɗa'a ba za a gabatar da shi jarrabawa ba. Samarin ajina yawancinsu 'yan wasa ne, sauran suka daure suka zauna. 'Yan mata huɗun nan iyayensu suka hana su zama, aka soke sunayensu.

4. Na bi gidajensu. Zan ambaci ɗaya kawai. Mariyama ɗiyar makiyaya ce, ruga tasu tana kan hanyar Kore Mairuwa, kullum da ƙafa take zuwa. Ita ce ta ɗaya a lissafi shekara biyu a jere, har da samarin. Uwarta tana tatsa na same ta, ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, “Madam, da gardi ya zo ɗaukar yara, ni na ce a ba da ita, ubanta bai so ba. Na ba ku ita ta koyi rubutu. Ban ba ku ita ta je ta yi wa Doguwa ihu a ƙofar ɗaki ba. In wani abu ya same ta, ke za ki tsaya gaban ubanta, ko Baturen?” A Dakar ba a koya mana amsar wannan ba.

Ka sani, ranka ya daɗe, Mariyama tana shekararta ta ƙarshe bisa dokar shekaru. In ba ta zauna bana ba, baɗi ta girme wa jarrabawar. Sauran ukun suna da sauran shekara ɗaya, in iyayensu sun yarda su maimaita aji, abin da ban yi wa kowa alkawari ba.

5. A watan jiya Mushe Darakta ya tafi Doso ganin likita, ya bar mini riƙon lakwal na kwana huɗu, kuma Alhamis ta faɗo ciki. 'Yan Tibiri ne baƙinmu. Na sa aka kwashe kujerun aka mayar gabas. Ban liƙa sanarwa ba, ban kira gardi ba. Kafin a busa usur kujeru sun cika, manya sun kori yara daga wasu. Wani makaɗin kokawa ya zo ba a gayyace shi ba, ya tambayi sunayen 'yan wasanmu da na kakanninsu, ya shiga yi wa kowa kirari. 'Yan mata suka haɗa waƙa nan take suna yi wa mai tsaron ragar Tibiri ba'a a kan siraran ƙafafunsa. Mariyama ce ke ba da waƙar. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta bar kaskonta a wuta tana ihu, “Kai ɗan Hassana, sandar ta ado ce? Buga!” Mahauta sun ce har kasuwa ake jin mu.

Don kada a ce na ƙara gishiri, ranar ma an cinye mu, biyu da ɗaya. Ba na cewa ihu yana jefa ƙwallo a raga. Amma yaranmu sun fita fili suna dariya, 'yan Tibiri kuma suka tafi suna cewa ba su taɓa wasa a gaban taro irin wannan ba. Abin da Mushe Darakta yake nema tun bayan girbi ke nan, kuma ba ya nan aka yi.

6. Da ya dawo na same shi a ofis na gaya masa komai, har da batun tsamiya, wanda ya kamata in faɗa tun ranar farko. Ya saurara da ladabi. Ya ce ya yi baƙin ciki da mace mai ilimi irina take kawo masa wannan magana. Ya ce lakwal ta zo ne don ta raba mutane da tsoron itatuwa, in ya matsar da kujera yau saboda iska, gobe wata iskar za ta ce ba ta son allo. Ya ce kuma rana tana cutar da yara. Aka mayar da kujeru inuwa, aka ba ni takardar gargaɗi a kan taɓa kayan gwamnati ba da izini ba, sunayen nan huɗu kuwa suka tsaya a soke. Alhamis ta gaba ɗan likita da ƙannensa suka koma suna wakiltar lakwal su kaɗai, tare da samarin da ke zaman makoki.

Ban rubuto don mu yi gardama a kan ko akwai Doguwa ko babu ba. Wannan ya fi ƙarfin ofishinka, ya fi ƙarfin karatuna. In har lakwal za ta raba mutanen Arewa da tsoron tsamiya, ina ganin yarinyar da ta ci satifika ta wuce gaba ta dawo ungozoma ko malama ita za ta fi iya aikin, ba kujerar katako ba. Wadda aka kora kuwa za ta koma ruga da labari ɗaya: ta yi shekara shida tana tafiya a ƙasa, ta fi kowa lissafi, aka hana ta jarrabawa saboda ta bi maganar uwarta. In gardi ya koma rugar nan baɗi neman yara, ina so in ga wace uwa za ta sake cewa a ba da tata.

Na kuma duba takardar dokokin jarrabawa daga farko har ƙarshe. Akwai dikte, akwai lissafi, akwai tarihin sarakunan Faransa. Ban ga inda aka ce sai mai zama ya iya zama a inuwa ba.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa uku.

Na farko, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: a mayar da sunayen 'yan matan nan huɗu kafin motar wasiƙu ta tafi da jerin zuwa Yamai a ƙarshen watan nan. In motar ta tafi, sauran roƙona ba su da amfani ga Mariyama.

Na biyu, a bar 'yan kallo su zauna gabas. Mushe Darakta yana da gaskiya a kan rana. Iyayen yara sun ce za su kafa rumfar zana a can da hannunsu, uban Mariyama ma ya ce shi zai kawo dirkoki. Izini kawai suke jira. In kuma dole ne a yi kiran suna, mai kiran ya juya ya dubi inda mutane suke.

Na uku, takardar gargaɗina. Wannan kada ta ɗauke maka lokaci. Na cancanci gargaɗi, sai dai an rubuta shi a kan ranar da na taɓa kujeru, alhali ranar da na yi shiru ana jera su ce ranar laifina. A bar ta a cikin takarduna.

'Yan Matankari za su dawo Alhamis ta biyu a watan gobe. Ina gayyatarka ka zo ka gani da idonka. In ka ba da izinin rumfa, za ka zauna da mu a gabas, ka ji abin da yaran nan suke iya yi da makogwaronsu. In ba ka bayar ba, akwai wuri mai yawa a ƙarƙashin tsamiya, inuwa mai sanyi, ba mai matse ka. Sai dai ina ba ka shawara kada ka sa tafintanka ya raka ka ciki, don kada ka sa bawan Allah a tsaka mai wuya.

Mariyama ba ta daina zuwa aji ba. Da safen nan ma ta yi dikte da kuskure ɗaya tak. Da ta miƙo mini littafinta sai ta tambaye ni a hankali ko Doso ta amsa. Na ce mata na rubuta. Ta ce, “To, Madam, in ci gaba da bitar?” Na ce ta ci gaba. Ina roƙonka kada ka sa in zama na yi mata ƙarya.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon kwana, ya ba ka ikon yin adalci a wannan ƙaramar magana, ya sa ka gama aikinka a ƙasarmu ka koma wa iyalinka lafiya.

Wassalam.

Madam Hajara,
malamar ajin ƙarshe,
Dogon Dutsi.