Ƙosan Mashkura

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya su Haliru? Allah ya sa ruwan bana bai ci shinkafar Kaoje ba. Mu nan Ingila lafiya lau. Karatu na tafiya, sanyi kuma barazana ce kawai.

Jikarki Mashkura ta jawo mini sammaci. A makarantarsu an hana yara cin abincin juna, wai wani yana iya kumbura. Ita kuwa ta buɗe ƙosanta ta bi 'yan aji tana "Bismillah." Malamarsu ta ce in ta sake, ita kaɗai za ta riƙa cin abinci.

Na ba da haƙuri da Turancin jami'a. A hanya na tambaye ta dalili, ta ce, "Mama, suna kallona, kuma Inna ba ta ci ana kallo."

Laifinki ne, ke da ko fataken Benin ba sa wuce ƙofarki a Illo da yunwa.

Tun zuwana, Mashkura kaɗai ta taɓa ce mini "zo mu ci." Ba zan hana ta ba. Ranar Asabar 'yan ajin za su zo gida, da iyayensu. A aiko da wake, a sa mana albarka.

'Yarki,
Zubaida